Layi Huɗu

Ranar da Hajiya Tasalla ta miƙo min makulli
ta ce, "Tanimu, wannan ba tsohuwar a-kori-kurarka ba ce,
ita tana da ido a goshi."
Na yi dariyata a ciki.
Shekara goma sha tara ina murza sitiyari,
yau ƙarfe ne zai koya min hattara?

Na fita ta Sabon Tasha da hantsi,
baya wayam, za ni Kachiya ɗauko citta.
Na danna maɓalli, na ɗage ƙafa daga totur.
Ƙafar ta rasa abin yi,
kamar baƙon da aka hana shi taɓa tsintsiya.
A Maraban Rido wata tirela ta sassauta,
kafin in tuna inda birki yake
motar ta riga ni,
ta ja jiki kamar wadda ta hango surukinta,
ta bar masa hanya da tazara.

Layi huɗu ne a allon gabana.
In ka kunna huɗu, yara sa buga ƙwallo a tsakani.
In ka bar ɗaya,
kana karanta rubutun bayan motar gaba
har ka ga inda fenti ya ɓantare.
Ni ɗan layi ɗaya ne tun ina yaron mota,
hancina a ƙeyar na gaba, hannuna kan oda.

Kuma hanyar nan ba ta barin fili ya huce.
Ka bar taku goma, mai Keke ya ɗauka gadonsa ne.
Bas ta kutso, ɗan acaɓa ya biyo ta da akuya a cinya.
Duk wanda ya shigo sai ta ja masa baya,
ba tsaki, ba huci.
Ni nake zagin, nawa da nata,
ita tana ta gyara.

Da la'asar muka juyo, buhu ashirin a gadon baya,
ƙamshin citta har cikin ido.
Hadari ya tare mu a Kujama.
Nan na gane wani abu:
idonta na ganin gaba,
amma na goyon ba ita na tambaya ba, ni na ƙirga shi.
Tayar tanka ta watso taɓo,
ya rufe goshin ruf.
Ta yi ƙara sau uku, siririya,
ta sakar min ragama
kamar mai cewa, malam, ga amanarka.

Sai muryar Baba Jatau, wanda ya koya min tuƙi
da sandar rake a kan gwiwata:
"In na gaba ya wuce turken wuta, ƙirga.
Buhu ɗaya, buhu biyu, buhu uku.
Da kaya, ƙara biyu.
Da ruwa, ƙara, kar ka yi rowa,
ba a biyan kuɗin fili a kan kwalta."
Ya rasu bara, ban je ba, ina Legas da lodi.
Na ƙirga masa har bakwai.

A na shida tankar ta ci birki.
Ganye ne zube a hanya, roka ta mutu a kwana.
Citta ta turo ni daga baya, taya na ja, ruwa na ja.
Na tsaya.
Tsakanina da ƙarfen tanka
bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba.
Na daɗe ina kallon wannan tabarmar.

A Kakuri, bayan an sauke,
na cire hulata na goge mata goshi.
Maigadi yana kallo, ban kula ba.

Da safe na kunna layi uku.
Huɗun kam,
sai na ƙara tsufa.